Babi na Biyar: Yaron Ƙarfe Bakwai da Yaron Ƙarfe Goma Sha Ɗaya

Mafi yawan hukuncin da ake yankewa a kan lafiyar yaro ba likita ke yanke shi ba. Uwa ke yankewa a tsakar gida, tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai da rabi, koko yana kan wuta, an nemi safa ɗaya an rasa, mai adaidaita sahu yana ta danna ham a ƙofar gida. Cikin wannan hada-hada ɗan shekara biyar zai ce, "Umma, kaina ciwo yake yi," ko kuma ba zai ce komai ba, sai dai a ga ya tasa ƙosai a gaba yana kallo. Cikin minti goma za ta zaɓa: ko a sa masa kayan makaranta, ko a mayar da shi shimfiɗa.

Abin da aka fi yi kowa ya san shi. A taɓa goshi da bayan hannu, a ji da ɗan ɗumi, a ɗauko kwalbar farasitamol a ɗura masa cokali guda. Kafin a gama shirya 'yan'uwansa gumi ya karyo, ido ya washe, har ya soma rigima a kan kuɗin tara. Sai a ce, "Alhamdu lillahi, ya sauka," a rataya masa jaka. Ba na ganin laifin matar da ta yi haka. Wataƙila ita ma aiki za ta, ko kasuwa, an biya kuɗin makaranta da gumin goshi, ga maigida yana cewa, "Ki bar shi ya tafi, namiji ne, in ya shiga cikin 'yan'uwansa zai ware."

Sai dai farasitamol ba ya taɓa cutar da ta kawo zazzaɓin. Toka yake zubawa a kan garwashi. Yakan soma aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ya riƙe yaro awa huɗu zuwa shida, sannan ya sake shi. A yi lissafi. Wanda aka ba ƙarfe bakwai, maganin zai sake shi tsakanin sha ɗaya da ɗayan rana, daidai lokacin da rufin kwano ya ɗau zafi, malami ɗaya yana fama da yara tamanin ko fiye. Yaron zai kifa kai a benci, in akwai benci. In an yi sa'a malami ya lura. In ba a yi ba, a ɗauka lalaci ne, har ya sha rankwashi. Uwa ta sallami yaro mai dariya da safe, makaranta kuma ta wuni da wani yaron dabam. Don haka duk duban da za a yi, a yi shi kafin a buɗe kwalbar magani, kuma a yi shi da tunanin tsakar rana: wannan yaron, a yadda yake kafin magani, zai iya zama a aji har a tashi, ya ci abinci, ya yi wasa, ya tako gida?

Bayan hannu ba abin rainawa ba ne, iyaye mata sun daɗe suna gane zazzaɓi da shi. Amma hannun da ya fito daga ruwan wanke-wanke a hunturu kowane goshi zafi zai ji, wanda ya taso daga bakin murhu kuwa zai ji zazzaɓi kamar ba komai. Ma'aunin zafin jiki irin na batir ana samunsa a kyamis, kuma ba shi da tsada. A sa shi a hammata, a matse hannun yaro har ya yi ƙara. Zafin lafiyayyen jiki yana wajen digiri 37. Ma'aikatan lafiya sukan lissafa 37.5 a hammata a matsayin zazzaɓi, 38 kuwa babu ja-in-ja: yaro ba ya fita. Ranar komawa ma tana da ƙa'ida mai sauƙi. Sai ya yi yini da kwana, awa 24 cif, babu zafin jiki kuma ba a ba shi maganin sauke zafi ba. Wanda ya kwana yana rawar sanyi ya wayi gari garau bai cika sharaɗin ba, domin zazzaɓi da dama haka suke, su lafa da safe su dawo da yamma.

A littattafan renon yara da ake rubutawa a Ingila ko Amurka, zancen yakan tsaya a nan: a bar shi a gida, a ba shi ruwa, zai wuce. Suna da gaskiyarsu, don zazzaɓin yaransu yawanci na mura ne. Mu ba haka ƙasarmu take ba. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suna ɗora wa Najeriya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk zazzaɓin cizon sauro da ake yi a duniya, kuma a Arewa yana tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, wato daidai lokacin da ake komawa sabuwar shekarar karatu. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata da damina an tsara shi ne don yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ɗan aji ɗaya na firamare ya riga ya fita daga wannan inuwa, jikinsa kuma bai gama sabawa da cutar kamar na babba ba.

"Ai maleriya ce kawai, ba ta yaɗuwa." Gaskiya ne, yaro ba ya shafa wa na kusa da shi. Amma a jikin ƙaramin yaro tana iya juyewa cikin yini ɗaya ta shanye jini ko ta taɓa ƙwaƙwalwa. Gwajin da ake yi da ɗigon jini daga yatsa minti goma sha biyar zuwa ashirin yake ɗauka, ana yi a asibitin sha-ka-tafi da manyan kyamis. In ya nuna, maganin kwana uku ne, irin wanda aka fi bayarwa sau biyu a rana, sha shida ke nan, kuma an fi so a bi shi da abinci mai maiƙo ko madara. Tun 2005 Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Inda ake faɗuwa shi ne rana ta biyu: yaro ya miƙe yana wasa, a tura shi makaranta, a ajiye ragowar ƙwayoyin a kan firji "saboda wani karon". Bayan mako biyu a sake sabon lale. In kuma gwajin bai nuna komai ba, to a nemi abin da ke damunsa, kada a koma wa mai kyamis ya ƙulla haɗin nan na "maleriya da taifot" da ake ƙulla wa kowa. Asfirin, da duk wani garin maganin ciwon kai na manya da ke ɗauke da shi, ba a ba yaro mai zazzaɓi.

Wani safen ma zancen ya wuce gida da makaranta, hanyar asibiti ake nema. Yaron da ya kasa shan ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ake tashinsa yana langaɓewa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari fat, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa a kansa. Haka nan numfashi. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cikakke. A ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, arba'in ko fiye alama ce ta ciwon huhu, balle a ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska.

Akwai cututtuka biyu da duk uwar da ke zaune tsakanin Sakkwato da Maiduguri, ko Maraɗi da Damagaram, ya kamata ta san fuskarsu ta farko, saboda da fuskar ƙaramin ciwo suke sallama. Sanƙarau lokacinsa daga hunturu ne zuwa bazara, sai ruwan sama ya sauka yake lafawa. A annobar 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma a 2017 ya sake ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Zazzaɓi ne mai zafi da matsanancin ciwon kai da amai, yaro ba ya son haske, in an ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji sai ya kasa ko ya fasa kuka. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Ta biyun ita ce mashaƙo, wadda matasan iyaye da yawa ba su taɓa gani ba sai da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta yi ta ci har cikin 2023 da bayanta. Kano ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na waɗanda suka kamu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar da ba su kammala rigakafi ba. Abin da ya sa take yaudara shi ne zazzaɓinta ba ya da zafi sosai. Yaro zai ce maƙogwaro na ciwo, haɗiya na wuya, sai wuyan ya soma kumbura. A sa shi ya buɗe baki a haska da fitilar waya. In an ga wata fata-fata mai launin toka ta lulluɓe can ciki, kada a taɓa, kada a kankare, kuma kada a kira wanzami a ce beli ne ya sauko. Asibiti, a ranar, sannan a sanar da makaranta domin a duba waɗanda suke zama tare da shi.

Wannan sanarwar ta kawo mu ga ɗaya rabin hukuncin, wanda aka fi mantawa: 'ya'yan mutane. Uwa takan auna ko ɗanta zai iya, ba kasafai take auna abin da zai kai wa aji ba. Ajin kuwa mun san shi. Yara kafaɗa da kafaɗa, randa ɗaya moɗa ɗaya, a gutsuri rake a miƙa wa aboki, masai ɗaya na ɗaruruwan yara, buta babu sabulu. A irin wannan wuri gudawa ba ciwon mutum ɗaya ba ce. Yaron da ya yi zawo sau uku a yini, ko ya kwana yana amai, zai zauna a gida har ya yi kwana biyu da tsayawar abin, ko da yana tsalle-tsalle. A haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, a duba jikin ledar don sanin yawan ruwan (yawanci lita ɗaya ne, ledar fiya wata biyu ke nan), a ba shi ƙwayar zinc kwana goma, a ci gaba da ba shi abinci. In zawon ya zama tsararo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini a ciki, ko ido ya faɗa, an bar maganar gida. A annobar kwalara ta 2021, wadda ta fi tsanani a jihohi irin su Bauchi da Kano da Jigawa, an lissafa mutum sama da 100,000, kuma rukunin da ta fi kamawa 'yan shekara biyar zuwa goma sha huɗu ne, wato 'yan makaranta.

Ƙyanda ta fi kowa wayo. Kwana huɗu kafin ƙuraje su fito yaro yana yaɗa ta, ya kuma ci gaba kwana huɗu bayan sun fito. A waɗancan kwanakin farko ba abin da ake gani sai zazzaɓi da tari da majina da jan ido, abin da kowa zai kira mura. Ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin yara goma marasa rigakafi da suka shaƙa, kusan tara za su kamu. Yaro ɗaya da aka ɗura wa farasitamol aka tura ya isa ya raba ta ga aji, aji kuma ya kai ta gidaje, inda jarirai 'yan ƙasa da wata tara suke kwance ba su kai lokacin allurarsu ba. Al'adar kulle mai baƙon dauro a ɗaki ta yi daidai ta fuskar killacewa, amma hana shi zuwa asibiti da sunan kada ƙurajen su koma ciki ta jawo wa yara da yawa makanta da ciwon huhu, alhali bitamin A da ake ba su a can yana rage wannan haɗarin. Ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, wajen kwana biyar zuwa mako. Hangum kwana biyar daga ranar da kumatu suka kumbura.

Ciwon idon nan da ake kira afolo ra'ayi ya rabu a kansa. Hukumomin lafiya na Ingila ba sa ganin ya isa hana yaro makaranta. Amma su suna magana ne a kan aji mai yara talatin da famfo a bakin ƙofa. Ni dai a ganina ɗan nazare da idonsa ke zubar da kwantsa, yana murzawa yana shafa wa kowa, ya zauna kwana biyu ko uku na farko. A ware masa tawul da tsumma, a hana kwalli na tarayya, kuma don Allah kada a ɗiga masa ruwan sukari ko nono ko wani abin da maƙwabciya ta ce ta gwada.

To, sai ɗaya ɓangaren, inda ake yin kuskuren a juye. Da zarar hunturu ya kama, hazo ya sauko, a gidaje da yawa kaka ke karɓe mulki. "Ke, yaron nan ba inda za shi cikin sanyin nan, ba ki ji yana tari ba?" Surukar kuma ba ta da bakin musu, sai ta ce, "To, Hajiya." Ƙaramin yaro yakan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara, tarin da ke biyo bayanta kuma yana iya kai mako biyu ko uku. In za a zaunar da shi duk sanda hanci ya zuba, zango guda zai tafi a banza, kuma a shekarun da ake koyon haɗa baƙi ne, inda wanda aka bari a baya yake wahalar kamowa. Yaron da ke majina da ɗan tari amma babu zazzaɓi, ya ci abincinsa, yana faɗa da ƙaninsa, a sa masa rigar sanyi, a shafa masa man kaɗanya, a ba shi hankici ya tafi. Majina ta koma kore ba hujja ba ce ta sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko gumin dare, a kai shi gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yi a cibiyoyin gwamnati. Makero da kwarkwata ma ba sa hana karatu da zarar an soma magani, sai dai a daina tarayyar hula da mataji da askar wanzami. Na lura kuma 'ya mace ake fi saurin zaunarwa a kan ƙaramin dalili, kuma kafin azahar mara lafiyar tana goye da ƙani ko tana tsintar shinkafa.

Akwai kuma ciwon cikin ranar Litinin. Babu zazzaɓi, babu amai, babu zawo, ciki ne dai "yana murɗawa", kuma da ƙarfe tara ta yi, aka tabbata an rufe ƙofar makaranta, sai a gan shi a waje yana gara taya. Saurin cewa ƙarya yake yi ba ya warware komai. Tsoro yana murɗa cikin yaro da gaske. Wataƙila hadda ce bai iya ba kuma ya san bulala na jira, ko wani ƙato yana ƙwace masa kuɗin tara, ko an kore shi jiya a gaban kowa a kan kuɗin jarrabawa, ko ba ya ganin allo daga inda aka zaunar da shi. Maganinsa a raka shi. Uba ya ajiye abin da yake yi ya kama hannunsa har aji, ya gaisa da malami, ya ce, "Malam, yaron nan naka kwana biyu yana ƙin zuwa, ko ka lura da wani abu?" Sau da yawa a nan ake jin zancen. Barin sa a gida kuwa yana ƙara wa gobe nauyi. Amma ciwon cikin da ya tashe shi daga barci, ko ya tsaya wuri ɗaya a ƙasan dama yana ƙaruwa har ya kasa miƙewa sosai, wannan na likita ne.

Duk abin da aka faɗa a sama ana ƙara masa tsanani in yaron mai sikila ne, kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ana ƙiyasta haihuwar kusan 150,000 a shekara. Zazzaɓin da za a zauna a yi wa wani yaron kallon awa biyu, shi asibiti ne a ranar. Sanyin asuba da ƙishirwa da gudu a rana suna tayar masa da ciwon ƙashi. Malaminsa ya kamata ya sani tun ranar farko, ya bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari yadda yake so, ya ɗauke masa tsallen kwaɗo. Ɓoye wa makaranta don kunya yaron yake cutarwa. Mai asma shi ma in ya kwana yana shaƙar magani, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ba ya fita cikin ƙurar hunturu.

In an yanke zai zauna, a tambayi kai da wa zai zauna. Barin ɗan shekara biyar mai zazzaɓi a hannun yayarsa 'yar shekara tara an hana mutum biyu karatu ke nan, kuma babu mai lura da numfashinsa. Babba ake so, mai waya a hannu, wanda zai riƙa leƙa shi yana ba shi ruwa, ya kuma san alamun da aka lissafa. Hutun kuma ya haɗa da Islamiyya. Gidaje da yawa sukan ɗauke wa yaro boko da safe, amma da la'asar a ce ai karatun addini ba a wasa da shi, a sa masa hula ya tafi ya zauna gwiwa da gwiwa da wasu yara sittin a zaure, a daidai lokacin da zazzaɓi ya fi dawowa.

Makarantu su ma suna da hannu a cikin wannan. Wadda take cewa duk wanda bai zo ranar gwaji ba sifiri ne, ko take ba da kyautar wanda bai taɓa fashi ba, ita ke koya wa iyaye ɗura magani su turo. Kuma har yanzu akwai inda, in yaro ya kwanta da rana, sai a ce, "Tashi ka tafi gida," ya kama hanya shi kaɗai cikin rana da ababen hawa, wataƙila ya tarar da ƙofa a kulle. Kafin a gyara wannan, uwa tana iya rufe nata ɓangaren. A rubuta lambar waya biyu a bangon littafinsa. Ranar da aka tura shi da ɗan shakku, a shiga a gaya wa malamar aji baki da baki: "Anti, jiya bai ci abincin dare sosai ba, ban ba shi komai ba da safen nan, in kin ga ya kwanta ki kira ni." In kuwa yana kan magani ne ya koma, a tsara shan safe da na dare a gida, kada a cusa ƙwayoyi a jakar ɗan shekara shida a ce ya sha da kansa lokacin tara.